Ƙararrawar Zumunta

Highbridge, Bronx, 21 ga Fabrairu

Keziya 'yata,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya karatu, ya sanyin Buffalo? Ki riƙa sa hula, kada in sake faɗa.

Jiya na ga abin mamaki! Nu Par, wadda muke aiki tare a gidan kula da tsofaffi, ta kai ni bikin ƙabilarsu, Chin, mutanen duwatsun ƙasar Bama. Sun yi rawa tsakanin sandunan gora, ko ƙafa ɗaya ba a matse ba! Mun sha faten masara kamar na gida. Wani dattijo ya ce ran 20 ga Fabrairu 1948 dubban kakanninsu suka taru a garin Falam, suka zaɓi a daina gadon sarauta, jama'a su riƙa naɗa shugabansu. Yaransu na zaune tsit, babu mai latsa waya. Ki koya.

Zan ba matan zumuntar cocinmu wannan labari ran Lahadi.

Kada ki manta da Ista. Ƙararrawar shugabar zumunta daga hannun yayata na karɓe ta, shekara goma sha huɗu ke nan, kuma ke zan miƙa wa.

Allah ya tsare ki.
Mahaifiyarki, Mariya

*

Buffalo, 25 ga Fabrairu

Mama,

Ina gaisuwa da ladabi. Hula tana kaina yanzu haka.

Labarin ya yi daɗi. Amma Mama, don Allah ki sake karanta ƙarshen wasiƙarki kafin Lahadi. Ni ko waƙoƙin zumunta ban iya ba. Anti Hosanna ce ke koyar da su tun ina firamare.

Ki gafarce ni in na yi rashin kunya.
Keziya

*

Highbridge, 3 ga Maris

Keziya,

Na amsa gaisuwa. Kin yi rashin kunya, za mu yi wannan maganar.

Na ba su labarin, har da tafi! Ban zauna ba Hosanna ta ɗaga hannu, ta ce, "Mama, su dai sun huta tun 1948. Mu na Bronx yaushe?" Aka fashe da dariya. Na kaɗa ƙararrawa, ba wadda ta yi shiru.

A jirgin ƙasa na layin D, ina hanyar gida, fushi nake ta yi. Da na sauka sai kunya ta kama ni. Ban taɓa gaya miki abu in aikata wani ba, ba zan fara da furfura ba. Na sa zaɓe ran Lahadi, da ɗaga hannu, ido da ido. Ni ma na tsaya takara.

Ki yi addu'a.
Mahaifiyarki

*

Highbridge, 10 ga Maris

Keziya,

Gaisuwa. Hosanna ƙuri'a sha tara, ni sha ɗaya. Na miƙa mata ƙararrawar a gaban kowa, Nu Par tana wurin, har da hawayenta.

Hosanna ba ta iya kaɗa ta ba. Ina koya mata.

Ki dai zo Ista.
Mahaifiyarki