Layin Tsakiyar Benci

Malta, 9 ga Oktoba

Gwaggo Karmena,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin Gozo bai tayar miki da ciwon gwiwa ba.

Na kama aiki a makarantar 'yan mata ta Sistocin coci, ni ce mai kula da walwalar yara. Su 214 ne. Gwaji ake yi mini har Kirsimeti.

Akwai wata yarinya, Nadette, 'yar shekara takwas. Cikin kwana goma sha uku da na sa mata ido, sha ɗaya ita kaɗai ta ci abincinta, kusa da kwandon shara. Sai na tuna abin da aka koya mana a jami'a: a ajiye benci a fili, duk mai jin kaɗaici ta zauna, wasu su zo su ja ta wasa. Na samo benci na shafa masa koren fenti, don littafi ya ce kore yana kwantar da hankali.

Gwaggo, bai kwantar ba. Ashe kore launin 'yan badujalar unguwar sama ne, ja kuma na unguwar ƙasa, kuma tun zamanin kakanni ba sa ga maciji kan wa zai shiga gaba ranar bikin waliyyin gari. Yara 103 'yan unguwar ƙasa sun ƙi kusantar bencin. Tsofaffi uku sun zo wurin shugabarmu, Sista Benigna. Ɗaya ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "'Yar nan, me suka ba ki?"

Nadette tana nan wurin kwandon.

Ki sa ni a addu'a.
Taki,
Ritienne

Gozo, 13 ga Oktoba

Rit,

Gwiwa tana nan, ba ta je ko'ina ba.

Shekara huɗu a jami'a, ba a koya miki ɗaga kai ki dubi tutocin da ke barandar mutane ba? Kada ki sake taɓa gwangwanin fenti. Ki je ki tambaya yarinyar 'yar gidan wa ce. A tsibiran nan yaro ba ya zama shi kaɗai haka kawai.

Kuma ki riƙa cin abinci, rubutunki ma ya rame.

Gwaggonki

Malta, 20 ga Oktoba

Gwaggo Karmena,

Ina gaisuwa, tare da neman afuwa. Kafin wasiƙarki ta iso na riga na raba bencin: rabi ja, rabi kore, santimita casa'in-casa'in. Wata tsohuwa ta zo da tef ɗin tela ta auna, ta ce ja ya fi da faɗin ɗan yatsa. Na sake aunawa sau uku. Bai fi ba.

Yanzu kullum bencin cike yake, amma baya suke juya wa juna, ana rigimar siket ɗin wa ya tsallake layi. Sista ta ce ko in kashe wutar nan kafin Juma'a, ko ta nemi wata.

Na bi shawararki. Uban Nadette ne mai busa begilar ja, uwarta ke ɗinka tutocin kore, shi ya sa kowane ɓangare ke cewa ta wancan ce. Na lallaɓa ta ta zauna, sai ta ce, "Malama, a ina? A kan layin?"

Na ce e, sai ta zauna a kan layin.

Jiya da rigima ta tashi, wata ta ce, "Ke Nadette, ke da ba ki da gida, faɗa mana wa ya tsallake." Ta faɗa, kuma suka yarda. Yau shari'a huɗu ta yanke.

Taki cikin fargaba,
Ritienne

Malta, 6 ga Nuwamba

Gwaggo,

Gaisuwa a gurguje. Sista ta ce in ci gaba da aiki. Kwana goma sha biyu ke nan Nadette ba ta ci abinci ita kaɗai ba.

Sai dai akwai matsala. Kowane ɓangare yana kawo mata kayan ƙwalam na pastizzi kafin shari'a, masu cuku daga ja, masu wake daga kore. Na ƙirga: ranar da masu cuku suka fi yawa, ja ke da gaskiya. Na ce mata wannan cin hanci ne. Ta ce, "A'a Malama, ƙawayena ne."

In kai rahoto?

Taki,
Ritienne

Gozo, 10 ga Nuwamba

Rit,

Kada ki kai. Bar ta ta ƙoshi tukuna, gaskiya ta jira sabuwar shekara.

Allah ya yi miki albarka.

Gwaggonki