Gonar Baba Ta Shiga Gandun Daji

Tudun Wada,
14 ga Maris, 1955.

Zuwa ga ƙanena Ɗahiru, a Kumashi.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Saude da yara, Allah ya sa wa cinikin goro albarka. Mu nan kowa lafiya, in ban da ƙafar yayarmu Yalwa da ke tashi lokaci-lokaci. Ka san tun da na bar aikin malanta ba ni da bakin yabon hukuma, har kuna cewa ɗacin rai ne na wanda aka tsallake wajen ƙarin girma. To, yau ka ji abin da ya same mu.

Saƙonka ya iso cewa za ka tattaro ka dawo gida kafin damina, ka kama noma a gonar Baba ta bakin rafi. Tun da ka fara wannan zance shekarun baya na ɗauke fartanya daga gonar, na bar ta saura don ta huta, yadda Baba yake yi. Kowane rani Hamman Bafillace yakan sauka a cikinta da shanunsa, ina ba shi dawa, yana bar mana taki. Ƙasar ta yi baƙi, Ɗahiru, har nakan ɗebo ta in shinshina.

A watan jiya masu awon ƙasa suka zo da sarƙa da jan fenti, za a yanki gandun daji. Duk inda suka ga kunya da kara, suka ce gona ce, suka kauce mata. Da suka iso tamu suka tarar da sabara da kalgo sun kai ƙirji, sai suka ce daji ne. Maƙwabcinmu Mudi, wanda ya tatse tasa har ba ta fid da komai sai ƙuduji, shi aka bar wa tasa.

Na je gun dagaci, ya ce abin ya fi ƙarfinsa. Na tare Baturen daji da kaina, na nuna masa gambar iyaka da cediyar da Baba ya dasa da kashin shanu ko'ina. Na yi masa bayani da Turanci cewa hutu ba yasarwa ba ne. Ya saurara sarai, ya yaba Turancina, ya tambayi inda na yi makaranta. Sannan ya ce ƙasa duka a hannun Gwamna take don amfanin jama'a, diyya kuwa ta shuka ce, ni kuma ba ni da shuka. Na tambaye shi ko mu ba jama'a ba ne, ya yi murmushi ya hau mota. Wannan doka ni ma na karanta ta a aji, har aka tafa mini.

Shekaranjiya Yalwa ta je duba ɗorawarmu, mai gadin daji ya koro ta, matar da aka haifa a bukkar gonar nan.

Iyalina, Tasalla da Kulsum, suna gaishe ku, Hamman ma ya ce a gaishe ka. Ka gai da Saude da mai sunan Baba. Kada ka sayar da rumfarka tukuna. Gida yana nan, ɗakinka yana nan, amma gonar da na shirya maka yanzu tana bayan jan fenti. Ba mu da ita.

Yayanka,
Alkasim.