Sakatar Banɗaki

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, karatun jinya kuma yana tafiya daidai. Mahaifiyarki tana gaishe ki.

Auta, yawancinmu muna ɗauka idan ɗinki ya kame, mutum ya iya hawa bene, to ya warke ke nan. Ni ma haka na ɗauka, duk da shekara talatin da na yi ina koya wa yara su yi tambaya kafin su yanke hukunci.

Kin san takardar tambayoyin da asibiti ke bayarwa tun da aka yi wa mahaifiyarki aikin zuciya, wata bakwai ke nan. Abin da ba ki sani ba, ni nake cike ta. Nakan dube ta tana shara, in zaɓi "lafiya ƙalau". Ban taɓa karanta mata ko layi ɗaya ba. Da wannan takarda likitarta ta sallame ta, ta ce ba sai ta dawo ba.

Ran Talata likitar ta gayyaci waɗanda aka yi wa aikin da iyalansu, mu taimaka a sake tsara tambayoyin. Mahaifiyarki ta ce ta gaji, na tafi ni kaɗai, da biro biyu a aljihu. Mu goma sha ɗaya muka kewaye dogon tebur. Wata tela da aka yi wa aiki bara ta ce a tambayi mutum ko yana iya sa sakata idan ya shiga banɗaki. Ita har yau ba ta sakawa, don tsoron kada ta yanke jiki ta faɗi a rasa yadda za a shiga. Na miƙe da muryar aji, na ce wannan ba ta dace da takardar asibiti ba. Wani tsohon direba ya ce in zauna, tunda ba ƙirjina aka tsaga ba. Aka yi dariya. Da likitar ta ce masu wannan tsoron su ɗaga hannu, mutum shida suka ɗaga.

Ni kuwa kullum ina yi wa mahaifiyarki faɗa kan barin ƙofar banɗaki a buɗe. Har na ce mata tsufa ne ya fara taɓa ta. 

Ban gaya mata komai ba tukuna. Ki sa ni a addu'a.

Babanki.

Zuwa ga Auta,

Ina gaishe ki, ya gajiyar jarabawa? Wasiƙarki ta iso, na gode da ba ki sassauta mini ba.

Na yi wa mahaifiyarki magana. Ashe ba ƙofar kaɗai ba ce. Jaririyar yayarki da take cewa ciwon baya ke hana ta ɗauka, tsoro take ji kada ƙirjinta ya buɗe. Kasuwa ma ta daina zuwa ita kaɗai. Ta ce ta san ni nake cike takardar, ta ƙyale ni ne don ta ga ina murna. Wannan maganar ta fi ta direban zafi.

Na koma na gaya wa likita gaskiya. Ba ta yi mini faɗa ba, na so a ce ta yi. Ta maido mahaifiyarki cikin waɗanda take dubawa, ta kuma sa tambayar telar a sabuwar takarda. Ran Litinin mahaifiyarki za ta cike ta da hannunta, ni kuma an ce in jira a benci.

Ke ma ki gwada, Auta. Gobe idan kin shiga ɗakin majinyata, ki zaɓi mutum ɗaya. Kada ki tsaya a "ya jiki", zai ce da sauƙi. Ki tambaye shi me ya daina yi, sannan ki yi shiru har ya gama. Mahaifiyarki ta yi kusan minti biyar kafin ta buɗe baki, sau biyu na kusa amsawa a madadinta.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki.