Takardata ce ta sa aka rufe rijiyar garinmu

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Admin, don girman Allah ka ɓoye sunana, maganar in ta fita ba ni kaɗai za ta taɓa ba. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya fi ƙarfin cikina.

Ni mace ce, 'yar wani ƙauye a karkarar Tanda, a Gaya na yi lakwal, wato makarantar boko, har na samu bak, takardar kammala sakandare, na wuce jami'a na karanta ilimin sinadarai. Yanzu ina koyarwa, ina kuma bincike a labo, ɗakin gwaje-gwaje, aikina auna ruwa in ga ko da guba a ciki. A sana'armu ba shekaru ake dubawa ba, maƙalolin da mutum ya buga a mujallun kimiyya ake dubawa, da yadda sauran masana ke ambaton su cikin nasu aikin. Ni kuwa duk abin da na buga guda ɗaya ce ta yi mini suna, wadda na ciro daga tez ɗina ta doktora, wato kundin babban digirina, a kan maganin ƙwari na gona da ke sauka cikin rijiyoyi. Ita ta kai ni taruka a ƙasashen waje, ita ce a saman dosiyena, takardun neman ƙarin girma, da ke gaban kwamiti yanzu haka, akwai ma ɗalibata da ta ɗora nata binciken a kanta.

Lokacin da ya kamata in je ɗibar ruwan ina cikin jego, tiyata aka yi mini, ko miƙewa da ƙyar nake yi. Furofesan da ke duba aikina ya ce in rani ya wuce sai kuma baɗi. Sai na wanke kwalaben labo, na liƙa wa kowace suna, na aika wa yayana ta motar Gaya. Yaya manomi ne, bai yi boko ba, amma shi ya tsaya kai da fata na yi nawa lokacin da Baba ya so cire ni. Na yi masa bayani ta waya, rijiya uku, kowace da kwalabenta. Ya ce an gama. Kwalabe suka dawo cike, a rufe tsaf. A cikin maƙalar kuwa na rubuta cewa ni na ɗebo da hannuna, daga rijiya kai tsaye zuwa kwalba. A lokacin ban ma ɗauki wannan a matsayin ƙarya ba.

Sakamako ya fito, guba iri ɗaya a duk rijiyoyin uku, kusan daidai wa daida. Wallahi sai da abin ya ɗarsu a raina, rijiyoyi masu nisa da juna ta yaya za su zo ɗaya haka? Amma furofesa na murna, ni ma ina murna, sai na danne.

Bayan an buga, wani furoje na masu ba da agaji ya karanta, suka zo da mutanen meri, wato hukumar magajin gari, aka zuba siminti aka rufe babbar rijiyar garinmu wadda kakanninmu suka gina, ɗaya cikin ukun, aka yi mana foraj, wato rijiyar burtsatse. An yi taro an kira sunana, Yaya har da ɗinka sabuwar riga. Foraj bai daɗe ba ya lalace, furoje ya tattara nasa ya nasa ya tafi, mata suka koma tafkin bayan gari inda shanu ke sha. Na rubuta wasiƙu har na gaji, shiru kake ji.

Daminar bana amai da gudawa suka shiga garin. Cikin yaran da aka rasa har da 'yar Yaya, takwarata, shekararta huɗu.

Na je ta'aziyya. Ranar sadakar uku bayan la'asar muna zaune a tsakar gida, Yaya ya ga na kasa daina kuka, shi da aka yi wa mutuwar shi ke neman abin da zai sa in saki raina. Sai ya nuna wani tsohon bido rawaya, irin jarkar nan ta roba, a gindin rumbu.

"Kin ga wancan bidon, ƙanwata? Ai shi ma ya kamata a ba shi doktora."

Na ce, "Kamar yaya, Yaya?"

Ya ce, "Kwalaben nan naki bakinsu ƙarami, guga ba ta zuba musu, ga hanya ba kyau, in na ɗaura su a babur sai sun farfashe. Sai na riƙa ɗebowa a bido, in zo gida in ɗura a hankali da mazurari. Kada ki damu, sai da na wanke shi da toka da sabulu har sau uku."

Na tambaye shi me aka taɓa zubawa a ciki. Ya ce maganin feshin wake ne.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na yi murmushin yaƙe na ce ya ba ni bidon in ajiye don tarihi. Ya ba ni yana dariya, ita ce dariyarsa ta farko tun rasuwar. Kafin in bar garin na je rijiyar, na sami inda simintin ya tsage, na ɗebi ruwa, wannan karon da hannuna. Na auna a labo, na sake aunawa. Ruwan rijiya babu komai a cikinsa. Ruwan da na ɗauraye bidon da shi kuwa, har yanzu akwai ɓurɓushin gubar nan da na yi suna da ita.

Na sami furofesa, tunda sunansa na kan maƙalar. Ya rufe ƙofar ofis ya ce in bar kaza cikin gashinta, wai in na janye maƙalar ba ni kaɗai zan faɗi ba, har da shi, da ɗalibar da ba ta ji ba ba ta gani ba, kuma za a ce dama binciken ƙasashenmu ba abin yarda ba ne. Maigidana shi kuma ya ce in jira girman ya fito, 'yan watanni ne, sannan in rubuta sabuwa in ce ruwan ya gyaru da kansa, a buɗe rijiyar ba wanda ya ji kunya. Na ce ƙarya ke nan a kan ƙarya, ya ce gaskiyar tawa za ta tono yarinyar daga kabari ne? Kwana biyu ba mu yi wa juna magana ba. Mutanen meri kuma ba za su fasa simintin nan da fatar baki ba, sai sun ga takarda daga wadda ta sa aka rufe, da dalili a rubuce.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ina tsoron rasa aikina, na sha wuya kafin in kai nan. Amma abin da ke cin raina Yaya ne. In na faɗi dalilin, duk garin zai san bidon wa ne, kuma ba gidanmu kaɗai aka binne yaro ba. Laifin nawa ne, ni na san ƙa'ida, ni na ga alama na kau da kai, amma a ƙauye shi za a riƙa nunawa da baki. Shi kansa in ya gane, ban san yadda zai kalli kabarin 'yarsa ba.

Shekaranjiya ya kira ni. Ya ce, "Ƙanwata, ki ƙara rubuta wata takardar mana, ke ake jin maganarki, ko Allah zai sa su zo su gyara foraj. Ba don ke ba ai da gubar rijiyar nan ta ƙarar da mu." Na ce to, na kashe waya na yi ta kuka.

'Yan uwa, me zan yi? In janye maƙalar in faɗi komai, ko in bi ta maigidana in jira? Akwai hanyar da zan ɗauki laifin ni kaɗai ba tare da sunan Yaya ya fito ba? Don Allah ku amsa mini da wuri, domin kowace safiya da na ƙara ina wannan tunani, matan garinmu na wuce rijiyar da bokitansu suna tafiya tafki.