Yayata Ta Tura Ni Motsa Jiki, Ta Yanke Furannin Bikina

Anti, don girman Allah ki taimake ni da shawara, domin abin da ke cina ya fi ƙarfin in riƙe shi ni kaɗai, kuma wadda na saba kai wa kukana ita ce ta sa ni kukan.

Bikina saura 'yan makonni. Ni ma'aikaciya ce a kantin sayar da magani, wuni nake zaune bayan kanta, shi ya sa jikina ya buɗe har hawan matakala ke sa ni haki. Tun rasuwar mahaifiyarmu nake hannun Yayata, ita ta raine ni, kuma har yau a gidanta nake, ita da mijinta, a hawa na biyu na wani dogon bene. Ban taɓa kiran sunanta ba, Yaya nake ce mata. Ko zanen da zan ɗaura sai na tambaye ta.

Da aka sa ranar aure na je wurin masu ƙawata zauren biki in ji kuɗin furanni. Anti, da matar ta faɗi farashin sai da na waiwaya in ga ko da wani take magana. Daga nan na leƙa gidan motsa jiki, su ma suka yanka mini nasu. Na dawo gida ban iya biyan ko ɗaya ba. Ni kuwa tun ina yarinya burina ke nan, in riƙe fure na gaske mai ƙamshi ranar aurena, ba na roba mai tara ƙura ba. A yi mini dariya in an ga dama, kowa da abin da ransa ke so.

Sai dabara ta faɗo mini. Rufin benenmu fili ne fetal, ba a komai a can sai shanya. Na roƙi mai benen ya yarda, na tattara tsofaffin bokitan fenti na huda gindinsu, na sayi iri da taki wurin wani dattijo mai sayar da shuke-shuke a bakin titi, shi ya lissafa mini lokacin shuka don su buɗe daidai da biki. Famfo ba ya kai ruwa can sama, saboda haka kullum da safe kafin in tafi aiki sai in ɗauki bokiti biyu in yi ta hawa da sauka. Farkon abin, wallahi a kowane hawa sai na zauna na tuna Allah. Cinyoyina suka yi tsami, tafin hannuna ya yi kanta. Amma a hankali haki ya tafi, siket ya fara juyawa a ƙuguna, barci ya yi daɗi. Riba biyu ke nan ba tare da na biya kowa ba. Na kuma tara kwalaben zuma da na lemo, na wanke, na shafa musu fenti ruwan zinare da hannuna, na jera a kwali a ɗakin ajiya don teburan biki.

Maƙwabciyarmu ta hawa na uku tela ce, Maman 'Yan Biyu muke ce mata, ita ke ɗinka mini rigar biki. Duk sanda na je gwaji sai ta rage ƙugun tana tsokanata, wai in na ci gaba a haka ango zai zo ya tarar da riga babu amarya. Mu da ita kaɗai ke da makullin rufin, don a can take shanya yadi.

Furannin suka fara buɗewa da ɗan wuri, ja da fari da shunayya, wasu kuma suna ƙunshe. Akwai wata guda da ta fito rabi ja rabi fari, na sa mata suna Shagwaɓa, har gaishe ta nake yi da safe.

To, ran nan Yaya ta dawo daga kasuwa da sabon takalmin kambas, ta ce nawa ne. Ta ce hawan bene kaɗai ba ya sauke tumbi, akwai matan da ke zagaya filin wasa da safiyar Asabar, in bi su, ita za ta yi mini ban-ruwa ranar. Anti, har ƙwalla na yi don daɗi. Na ce wa kaina wa ya kai ni dace da 'yar'uwa. Na tafi na zagaya filin nan har ƙafata ta yi bororo, na dawo ina ɗingishi ina murna, na haura don in gaida Shagwaɓa. Abin da na tarar kara ne tsaye. An bi su da almakashi an yanke tas, ko na rantsuwa ba a bar mini ba sai 'yan ƙanana da ba su buɗe ba.

Na sauko ina ihu. Yaya ta dafe ƙirji ta yi salati, ta ce da ta hau da sassafe lafiya lau ta bar su. Sannan a hankali ta tambaye ni, wai ban da mu wa ke da makulli. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Zuciya ta ɗebe ni, na haura wurin Maman 'Yan Biyu, a gaban masu kawo mata ɗinki na yi mata wankin babban bargo, har ɓarauniya na kira ta. Da yamma baiwar Allah ta aiko mini da rigata a leda, allurai na jiki, hannu ɗaya ba a haɗa ba.

Ashe ana zaton wuta a maƙera, a masaƙa ta tashi. Bayan kwanaki ina duba waya a wurin aiki, sai ga hotunan da ƙanwar mijin Yaya ta ɗora na walimar tarbar sabon manaja a kamfanin da yayanta ke aiki, ana ta yaba masa wai shi ya ƙawata wurin. A kan kowane tebur kwalabena ne masu ruwan zinare. A gaban manajan kuwa, ga Shagwaɓa a tsakiya. Na koma gida na buɗe kwalin, kwalaben suna nan an mayar, amma gindinsu da sauran danshi, da guntun ganye a cikin ɗaya.

Da na nuna wa Yaya hoton ba ta musa ba. Ta ce ana rage ma'aikata a kamfanin, mijinta ya ɗauki alkawarin ƙawata wurin don ya shiga idon sabon manaja, abin da aka ba shi bai isa komai ba. Ta ce albashin nan shi muke ci mu duka, da shi za a yi bikin nawa ma. Ta ce ta san in ta tambaye ni zan hana, kuma dama ta yi niyyar saya mini na roba. Da na kawo maganar tela sai ta ce ita fa ba ta ambaci sunan kowa ba. Ta rufe da cewa fure ne fa ba zinare ba, ita da ta raine ni ba ta ci wannan a wurina ba?

Anti, wallahi da ta tambaya da na ba ta rabi, ƙila ma fiye. Abin da ke ƙona mini rai kambas ɗin nan ne. Ta zauna ta shirya, ta auna ƙafata, ta saya, ta miƙo mini tana murmushi, ina yi mata godiya. Wanda zan aura kuwa dariya ya yi, wai shi ba fure zai aura ba. Tun ranar ban sake hawa rufin ba, ban san ko sun bushe ba, na koma cin duk abin da na gani don haushi. Gwaggonmu ta ce in dawo wurinta a yi bikin a can. In na tafi, kowa zai san na cire Yaya daga matsayin uwa. In na zauna, ban san yadda zan kalle ta ranar ba. In tafi ko in zauna? Kuma da ɗan abin da ya rage mini, ina zan samo fure?

Taki cikin damuwa,
Mai Bokiti Biyu

Amsa:

Ƙanwata Mai Bokiti Biyu, sannu. An cuce ki, kuma kada ki bari kowa ya ce miki ai fure ne kawai. Gumin safiyarki ne aka yanke.

Amma kafin komai, ajiye jaridar nan ki ɗauki bokiti ki hau sama. Shukar ba ta yi miki laifi ba. Da yawan irin furannin nan in an yanke su sukan yi sabon reshe daga gefe, ga kuma ƙananan da aka bari. Ban yi miki alkawarin za su dawo kamar da ba, amma ki ɗauki hoton karan ki kai wa dattijon da ya sayar miki da iri, shi zai gaya miki inda za ki datse da yawan takin da za ki ƙara.

Daga rufin, ki tsaya a hawa na uku. Yaya ce ta nuna ƙofa, amma bakinki ne ya kira matar nan ɓarauniya. A gaban mutane kika zage ta, a gaban mutane za ki wanke ta, ko ta karɓi rigar ko ba ta karɓa ba. Kada ki jira sai Yaya ta shirya rakiya. Bashin nan naki ne.

Ita kuma Yaya, laifinta biyu ne, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Yankan furen tsoro ne ya sa ta. Macen da ke ganin abincin gidanta na lilo takan yi abin da ba ta taɓa zato ba, wannan ina iya fahimtarsa. Kambas da maganar makulli kuwa shiri ne, kuma ta tsaya tana kallo kika afka wa wadda ba ta ji ba ta gani ba. Raino ba lasisin yaudara ba ne. Ita ma ta sani, shi ya sa ta ɓuya bayan gorin. Mijinta ma da ya sha yabo da kayan wani, ya kamata ya ji kunya ya sa hannu a gyara.

Duk da haka ban ba ki shawarar komawa wurin Gwaggo ba. Biki wuni ɗaya ne, amma kujerar uwa da aka bari babu kowa, har jikoki sai sun ji labarinta. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ki zaunar da ita ku biyu, ba ihu, ki gaya mata abin da kika gaya mini: da ta tambaya da kin ba ta. Ki nemi abu biyu, ta amsa laifinta ba tare da gori ba, ta kuma je da ƙafarta ta ba tela haƙuri.

Batun fure, kada ki ci bashi. Abin da ya buɗe a rufinki ki tara shi a wuri biyu da ido ke zuwa, hannunki da teburin da za ku zauna. Sauran teburan, ɗanyen ganye mai kyau da fure ɗaya a kowace kwalba ya wadatar. In za ki ƙara, ki saya wurin masu shukawa, wanda ake yayinsa, ba a shagon ƙawa ba. Jikinki kuma ki koma hawa a hankali, ki ci abinci sosai, kada ki yi wa kanki horon yunwa. A ɗinka rigar daidai jikin da kike da shi yau. Angon naki ma ki gaya masa wannan ba wurin dariya ba ne, gara ya koya tun yanzu.

Na lura bokitinki biyu ne. Gobe da safe ki cika su, ki ƙwanƙwasa wa Yaya ƙofa, ki miƙa mata ɗaya. Ba sai kin yi dogon bayani ba. Kafin ta kai rufin, cinyoyinta za su gaya mata kuɗin abin da ta yanke. In ta karɓa ta biyo ki, kin sami yayarki, ki ba ta kujerarta da zuciya ɗaya. In ta ƙi, ki ba ta kujerar don darajar raino, amma ki riƙe makullinki a jikinki.

Allah ya sa su yi toho, ya sanyaya miki zuciya, ya ba ku zaman lafiya ke da angonki.