Likitan Kamfani

Yaya Haulatu,

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna, ya yara, ya damina a Dutsi? Ni lafiya lau, sai ɗan ciwon kai da ya ƙi barina.

Kamfaninmu a nan Legas ya kawo likita yana auna mana jini, wai rigakafi ne. Da aka auna abokina Saminu na Babban Mutum, aka ce jininsa ya hau, ya je gida ya huta. Har yau ba a sake kiransa ba.

Jibi za a auna ni. Tafarnuwa nake ta ci kamar goro, an ce tana saukar da shi. Ki ce Inna ta sa ni a addu'a, amma kada ki faɗa mata dalili.

Wallahi Yaya, ciwon bai kai likitan ba ni tsoro ba.

Ƙanenki,
Ikrima