Wa Za a Ba Riƙon Tabita

Ni Rifkatu, 'yar Malam Ɗanjuma Barau ta Unguwar Ɗorawa a ƙasar Makoda, ni nake wannan rubutu da hannuna, yau Asabar da hantsi, a gindin darbejiyar tsakar gidanmu. Da hankalina garau nake yi. Tun jiya ban sha ƙwayar nan mai sa ni ganin mutum biyu-biyu ba, don kada wani ya ce magani ne ke magana. Ranar Talata za a kai ni babban asibiti a birni a yi min aiki a ƙugu. Likita ya ce sikila ta cinye ƙashin, da na tambaye shi ko zan tashi kuwa, Baba ya kalla, bai kalle ni ba. In na dawo, ku miƙo min takardar nan in cusa ta a murhu, kowa ya yi kamar bai gani ba. In ban dawo ba, Ishaya ƙanena, kai za ka karanta ta a gaban Baba.

Ishaya, Hannatu, Tabita. Na san shekarata goma sha bakwai, ban kuma haifi kowa ba. Amma tun da Mama ta rasu wajen haihuwar Tabita ni ke tuƙa muku tuwo, ni ke tsefe muku kai, don haka ku yi haƙuri in kira ku 'ya'yana ko sau ɗaya ne.

Kun san ni, baƙo ya yi sallama sai in shige ɗaki. To wata uku ke nan ina kwance a tabarma, ba halin gudu, sai kallon masu zuwa dubiya. Abin da ya ɗaure min kai shi ne kusan kowa da 'yar buƙatarsa yake zuwa, kuma abin da baki ya roƙa ba kullum ne abin da zuciya ke nema ba. A littattafan da nake karantawa, kafin shafi na goma ka san mugu, don marubuciyar ma jajayen idanu take ba shi. Mutanen gaske ba sa zuwa da alama.

Ranar da Fasto Nuhu ya zo min addu'a ya karanta wani babi a Linjila. A babi ɗaya Ubangiji Yesu ya yi tambaya iri ɗaya sau biyu, ya ce me kuke so in yi muku. 'Ya'yan Zabadi suka nemi kujerun girma, makahon bakin hanya ya nemi ido. Na yi ta juya abin a raina. Shi da ya san zuciyar kowa, me ya sa yake tambaya? Ina jin don mutum ya ji kansa da kunnensa ne. Tun daga ranar, duk wanda ya roƙe ni abu sai in daure in ce me za a yi da shi, in yi shiru in jira. Ga abin da na gano, ga kuma yadda nake so a yi.

1. Buhun littattafaina na soyayya, guda arba'in da ɗaya ne, yana ƙarƙashin gado. Asiya ta gidan Malam Abdulkabir, maƙwabtanmu, duk Alhamis take zuwa aro. Sai na lura in na naɗe kunnen shafi, yadda na ba ta haka littafin ke dawowa. Da na tambaye ta, ta ce, "Ni fa ƙaryar nan taku ba ta dame ni ba, wai attajiri ya tsaya da mota don mai tallan gyaɗa. In ban ce aro zan je ba, Innarmu cewa za ta yi na cika yawo." Ashe ni take zuwa gani. Saboda haka kada ku ba ta littattafan. Ku bar su inda suke, ta ci gaba da zuwa aro. In Kirsimeti ta zo, kwanon shinkafar gidansu shi ne na farko, kamar yadda Mama take yi.

2. Wayata ta Ishaya ce. A nan ina da laifin da zan amsa. Baba, lokacin da na roƙe ka ka saya min daga kuɗin dakon da ka yi a Dawanau, na ce don in riƙa karanta Littafi Mai Tsarki ne. Na karanta, amma in na ba shi minti goma, labaran soyayya na ba su awa uku. Ka yafe min. Na faɗi wannan ne don kada ku ɗauka wasu kaɗai ke roƙo da fuska biyu. Kafin ku auna na wani, ku fara auna naku.

3. Gayaunata ta bayan rijiya. Kawu Bala ya zo ya ce a ba shi ya noma mana, don taimako. Na tambaye shi, ya sosa ƙeya ya yi dariya ya ce, "Ke dai 'yar nan ba ki da dama. Tana jikin gonata ne, riɗi nake so in zuba." Sai na ji ya burge ni. Mai son kansa da ya faɗa maka ya fi sauƙin zama. Jama'ar da suka bi Yesu don gurasa ma, ya gaya musu gaskiyarsu a fuska, amma bai ce ya yi da-na-sanin ciyar da su ba. A ba Kawu aro damina biyu, a gaban Fasto da mai unguwa, sannan ta dawo hannun Ishaya. Kai kuma Ishaya, ka daina sauya hanya in ka hango shi. Akuyarsa ce ta ci maka wake, ba shi ba.

Hannatu, jar akuyata taki ce, da zanen Zumuntar Mata na Mama. Kada ki yanka shi ki yi siket.

4. Wannan shi ne dalilin rubutun duka. Mutum biyu sun nemi a ba su riƙon Tabita, Baba kuma ya ce sai ya yi shawara.

Goggo Saratu, ƙanwar Baba, ta taso tun daga Rijiyar Zaki a birni, inda take sayar wa ɗalibai abinci. Ta zo da lemo da madara, ta riƙe hannuna ta yi kuka, ta ce makarantar kuɗi za ta sa Tabita, mai farar safa da jakar goyo. Har na hango ta a raina, ta girma, tana saukowa daga mota da tabarau.

Inna Kande kuwa, yayar Mama, da gona biyu ce tsakaninmu da ita, ko zama ba ta yi ba. Daga tsaye ta ce da Baba, "Ku ba ni 'yar mitsitsiyar nan ta riƙa kore min kaji daga shanya, zaman banza ya yi mata yawa." Ranar na ji haushinta har na juya wa bango fuska.

Amma na ce bari in gwada su kamar kowa. Na gaya wa kowaccensu abin da ba mu cika faɗa ba, cewa an auna jinin Tabita, ciwona ne da ita.

Goggo ta ce, "Amma dai tana iya tsayawa ta ɗan ɗauraye kwanuka ko?" Kafin ta tafi ta tambayi shekarun Hannatu.

Inna ta ce, "Ke za ki gaya min? Tun tana wata takwas da hannunta ya kumbura na sani, uwar iyayi." Washegari ta dawo wai a ba ta aron rariya. Rariyarta ta fi tamu. Ta zauna tana tambayata, ruwan gasa mata jiki yaya ɗuminsa yake, wace rana ake zuwa karɓar magani, katin asibitin yana ina. Hannatu ce ta gaya min Inna ta sayar da zabinta biyu ranar kasuwa ta sayo bargo ɗan ƙarami. Da za ta tashi ta ce, in yarinyar za ta yi ta kukan rabuwa da 'yan'uwanta a bar ta a nan, ita ta riƙa zuwa da safe, ai ƙafarta ba ta karye ba.

Nan na tuna matan nan biyu a gaban Sarki Sulemanu. Wadda ta yarda ta haƙura da ɗan don ya rayu, ita ce uwar. Kajin Inna huɗu ne kacal, na san su. 'Ya'ya uku ta binne, ba ta da ko ɗaya. Babbar mace irinta a garin nan ba za ta buɗe baki a gaban surukinta ta ce ina son yarinyar nan ba, kunya ba za ta bar ta ba. Sai ta ce kaji. Ni kuma da nake ganin na ƙware a karatun soyayya, ta zo har bakin tabarmata ban gane ta ba.

Kada ku ƙi Goggo. Aiki ne ya yi mata yawa, hannu take nema, kuma ina jin kukan da ta yi na gaske ne. Allah kaɗai ke ganin zuciya har ƙasa, ni gefenta kawai na leƙa. Ku gaishe ta, ku je mata hutu. Amma ruwan sanyi da asuba da tsayuwar wanke-wanke, na san abin da suke yi wa mai irin jininmu. Tabita ba za ta iya ba. Hannatu ma ba inda za ta sai ta gama makaranta.

Baba, na san ba ka iya ce wa ƙanwarka a'a. To kada ka ce. Ka ce Rifkatu ce ta roƙa, ka ɗora min. Ba wanda zai je ya yi faɗa da ni a inda nake.

5. A kai Tabita gidan Inna da rana, ku ukun tare, ba a bayan babur tana waige ba. Duk Lahadi in an tashi sujada ku wuce can ku ci abinci a kwano ɗaya, ko Inna ta ce kun cinye mata dawa. Ku gaya mata abu ɗaya da ba ta sani ba: Tabita ba ta faɗa in ciwon ya fara. Shiru take yi, ta ɓoye hannunta a hammata, ta ce ta ƙoshi. In kun ga haka kada ku jira ta roƙa.

Ubangiji ya tsare ku, ya sa ku girma a inuwa ɗaya, kada gona ko birni ko maganar mutane su raba ku. Ya ba Baba ƙarfin baya. Ya bar Inna Kande ta ga auren Tabita da idonta. Cikin sunan Yesu, amin.

Yayarku,
Rifkatu